Zango Bakwai Zuwa Fort William

Makonni biyu kun ji ni shiru, har wasu sun aiko suna tambaya ko lafiya. Lafiya lau. Ina can cikin tsaunukan Sikotilan ne da jaka a baya, inda waya ma sai ta ga dama take kamawa. Kwana bakwai muka yi muna tafiya a ƙasa, daga gefen birnin Gilasgo har garin Fort William, kilomita 154, kusan nisan Kano zuwa Zariya. Alhamdulillahi an gama lafiya, kuma tsarabar da na kawo muku yau ita ce labarin yadda ake kai ƙarshen irin wannan tafiya.

Na san tambayar da ke bakin da yawa daga cikinku, don tun kafin in tashi na sha ta: wa ya aike ka? Bahaushe ba ya tafiya sai da dalili. Ko fatauci, ko neman ilimi, ko aikin Hajji, ko zumunci. Amma mutum ya kashe kuɗinsa, ya ɗauki kaya a gadon baya, ya bar ɗakinsa mai ɗumi ya je ya kwana cikin ruwan sama, wannan a wurinmu aikin Bature ne, ko na wanda ya rasa abin yi.

Amsata ita ce, mu duba yadda muke zaune a ƙasashen nan. Sai ka ga mutum ya shekara biyar, wani ma goma, amma wuri huɗu kawai ya sani: ɗakinsa, wurin karatu ko aiki, masallaci, da shagon da yake sayen kayan miya. Tsakanin waɗannan kuwa yana cikin bas, kansa a sunkuye kan waya. Idan hunturu ya shigo, rana ta fara faɗuwa tun kafin ƙarfe huɗu, sai kaɗaici ya rufe shi, ya rasa wanda zai gaya wa. Jikinmu yana nan, amma ƙafarmu ba ta taɓa taka ƙasar ba. Ni wannan zaman ne ya ishe ni.

Hanyar da muka bi

Sunan hanyar West Highland Way. An buɗe ta a 1980, kuma ita ce doguwar hanyar masu tafiya a ƙasa ta farko da hukuma ta ware a Sikotilan. Tana farawa daga wani ƙaramin gari mai suna Milngavie, wanda mutanen wurin ke furtawa kamar "Malgai", tafiyar da ba ta kai rabin sa'a ba a jirgin ƙasa daga tsakiyar Gilasgo. Daga nan ta ratsa gonaki, ta bi gaɓar tafkin Lomond ta gabas, ta haura cikin tsaunuka, ta sauka a gindin Ben Nevis, dutsen da ya fi kowane tsawo a Birtaniya.

Tsawon Ben Nevis mita 1,345 ne. Chappal Waddi da ke jihar Taraba ya kai mita 2,419, kuma tsaunukan Bagzan na ƙasar Abzin sun haura mita 2,000. Ke nan ta fuskar tsawo duwatsun Sikotilan ba su isa su yi mana gori ba. Haɗarinsu a yanayi yake. Cikin sa'a ɗaya za ka iya ganin rana, ka ga ruwa, ka ga hazon da zai hana ka hangen wanda ke gabanka, ga iska mai ratsa ƙashi ko da a tsakiyar lokacin zafinsu.

Wani abin da ya kamata kowane mazaunin ƙasar ya sani shi ne dokar da majalisar Sikotilan ta kafa a 2003, wadda ta ba kowa 'yancin ratsa mafi yawan filaye da duwatsu da ƙafa, har ma ya kafa tanti ya kwana, muddin bai yi ɓarna ba, bai matsa kusa da gidajen mutane ba, kuma bai bar shara ba. Dokar ba ta tambayi launin fasfo ba. Ɗalibin da ya sauka jiya yana da wannan haƙƙi daidai da wanda aka binne cibiyarsa a wurin. A Ingila abin ba haka yake ba, a mafi yawan wurare sai da izinin mai fili. Ko a Sikotilan ɗin akwai togaciya: a wasu sassa na bakin tafkin Lomond, daga 1 ga Maris zuwa 30 ga Satumba, ba a kafa tanti sai a wurin da aka tanada ko da takardar izini.

Mu uku muka tashi a farkon watan Yuni, bayan an gama jarrabawa. Ni, da wani abokina ɗan Maraɗi da muke makaranta ɗaya, sai wani dattijo ɗan Zangon Kumasi da ya daɗe a ƙasar, wanda muke kira Alhaji. Shi ya raɗa wa tafiyar tsari tun a daren farko. Da na ce saura kilomita 135, sai ya ce: "Yaro, bar wannan lissafi. Kakanninmu da suka tashi daga Kano zuwa Gwanja sayen goro, ka ji an ce madugu yana ƙirga abin da ya rage? Zango ake ƙirgawa. Yau mun ci ɗaya, saura shida." Ya ƙara da cewa unguwar da aka haife shi ma daga nan ta samo sunanta, wurin da ayari ke sauke kaya ya huta. Tun daga ranar ba wanda ya sake maganar kilomita sai ta wunin da ake ciki.

Kaya su ne rabin tafiya

Wanda zai gama da wanda zai tsaya a hanya, sau da yawa tun a ɗaki ake rarrabe su, wurin haɗa jaka. Duk abin da ka saka, kai za ka goya shi kwana bakwai, hawa da gangara. Mun raba tanti da ƙaramin murhun gas da tukunya a tsakaninmu. Kowa ya ɗauki buhun barcinsa, rigar ruwa da wandonta, rigar ɗumi, safa kafa uku, fitilar goshi, filasta, da takalmin da ƙafa ta riga ta saba da shi. Sabon takalmi a irin wannan tafiya abokin gaba ne, tun rana ta biyu zai cika maka ƙafa da bororo. Tufafin auduga kuma, irin wanda muka saba da shi a gida, idan ya jiƙe ba ya bushewa, sai ya manne a jiki ya zuƙe ɗumi.

Guzurinmu bai bambanta da na fatake ba sosai: dabino, gyaɗa, garin rogo da sukari, garin alkamar Turawa da ake damawa kamar kunu, shayi, da kifin gwangwani. Naman halal ba a samunsa a ƙauyukan hanya, amma kifi da dankali da abincin ganye ba sa yankewa a wuraren cin abinci. Ruwa kuwa ga shi nan ko'ina yana kwarara, sai dai inda tumaki ke kiwo a sama dole a tafasa ko a tace.

Batun salla mun tambayi malami kafin mu tashi, muka yi ƙasaru kamar kowane matafiyi. Alƙibla daga can kudu maso gabas take, kuma ƙaramin kamfas ya wadatar idan waya ta mutu. A watan Yuni rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe goma na dare, kafin biyar na asuba kuma ta fito, tsakaninsu ma duhu ba ya cika. Mun bi jadawalin masallacin da muka saba da shi a Gilasgo. Alwala da ruwan ƙorama da asuba dai, wanda ya yi ta ba zai sake raina tukunyar ruwan zafi ba.

Tafki mai kyan gani, mai wuyar bi

Zangon farko, kimanin kilomita 19 zuwa Drymen, wasa ne. Na biyu ya hau da mu tudun Conic, mita 361, inda ake ganin tsibiran tafkin Lomond sun jeru a layi ɗaya. Wannan layi shi ne tsagar ƙasa da ta raba shimfiɗaɗɗen kudu da tsaunukan arewa, kuma da ido kake ganin bambancin: bayanka gonaki, gabanka duwatsu.

Zango na uku, daga Rowardennan zuwa Inverarnan, shi ne wanda ke yaudarar mutane. A taswira layi ne miƙaƙƙe a bakin ruwa, babu wani hawa na a zo a gani. A ƙasa kuwa saiwoyin itatuwa ne da duwatsu masu santsi, ka haura wannan, ka zame kan wancan, wani wurin sai ka dafa da hannu, jaka tana rinjayarka ta ɓangaren ruwa. Sa'a guda cur za ka yi ka duba ka ga ko kilomita biyu ba ka cika ba. Bayan Inversnaid muka gamu da awakin daji, warinsu ya riga su isowa. A wannan yanki ne Rob Roy MacGregor ya yi zamaninsa, dillalin shanu wanda daga baya ya zama ɗan tawaye ga masu ƙasa, har yau akwai wani kogo a bakin tafkin da ake kira da sunansa.

A daren nan muka san ƙwarin da suka yi wa ƙasar suna, waɗanda mutanen wurin ke kira mij. Ba su kai ƙwayar gero ba, ba sa ba da zazzaɓi kamar sauro, amma dubbai suke zuwa, su shiga hanci da kunne da gashin ido. Da safe da yamma suke tashi, idan iska ta kwanta kuma akwai danshi. Da iska ta ɗan motsa sai su ɓace. Maganinsu raga mai ƙananan idanu da ake rufe kai da ita, da kafa tanti a inda iska ke bugawa. Abokina ɗan Maraɗi, yana shan shayi ta ƙarƙashin raga, ya ce shi dai daga yau ya yafe wa sauron garinsu.

Inda ayari ya ragu

A zango na huɗu, bayan mun wuce saitin Crianlarich, wato kusan tsakiyar hanya, gwiwar Alhaji ta fara kumbura. Bai yi magana ba, amma a gangara muna ganin yadda yake jingina kan sanda. Da muka isa Tyndrum sai muka baje taswira. Gabanmu akwai zango mafi tsawo, kimanin kilomita 30, kuma daga Tyndrum babu wani shagon kirki sai Kinlochleven, tafiyar kwana biyu. A tsakiya akwai fili mai faɗi wanda idan ƙafa ta ƙi a cikinsa, sai dai a kira masu ceto, su kuwa 'yan sa-kai ne da ke barin aikinsu da iyalinsu su fito neman mutum.

Mun ce za mu raba kayansa mu rage sauri. Ya ce: "Samari, madugun da ya san aikinsa ba ya jan gurgun jaki cikin daji don kunyar mutane. Ga tashar jirgi a nan. Ku je ku gama, ni zan riga ku." Da safe muka raka shi tasha.

Na tsaya a kan wannan ne don mu mutane ne masu gudun abin kunya, musamman a gaban na ƙasa da mu. Da yawa daga cikin masu shiga haɗari a duwatsu, abin da ke kai su shi ne kada a ce sun kasa. Wannan hanya tana da kyau ta wannan fuska, don jirgin ƙasa yana tsayawa a Crianlarich da Tyndrum da Bridge of Orchy, bas ma yana bin babban titi. Dutse ba ya gudu, baɗi yana nan. Wanda ya tsaya a inda ya dace ya tsaya, shi ma ya san tafiya.

Burtalin Turawa

Daga Inveroran hanya ta haura ta shiga Rannoch Moor, dausayi mai faɗin kusan murabba'in kilomita 130, babu gida, babu inuwa, sai ciyawa da kududdufai da duwatsu daga nesa. Turbar da ake bi tsohon titi ne da aka shimfiɗa da duwatsu a farkon ƙarni na 19, ƙarƙashin injiniya Thomas Telford, kuma shi ne babbar hanyar yankin har zuwa shekarun 1930. Duwatsun suna cin tafin ƙafa, amma shirun wurin ban taɓa jin irinsa ba tun da na bar gida.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne tarihin waɗanda suka riga mu bin wurin. Sassa da yawa na wannan hanya burtali ne. A ƙarni na 18 da na 19, masu koren shanu suna tattaro garke daga tsaunuka da tsibirai, wasu shanun ma sai sun yi iyo sun ƙetaro daga tsibirin Skye, a kora su makonni zuwa manyan kasuwannin Crieff da Falkirk. Mutanen suna kwana a fili kusa da dabbobinsu, guzurinsu garin hatsi da albasa. Tsofaffin masaukan da ke kan hanyar tun asali zangonsu ne. Duk wanda ya taɓa ganin ana koro shanu zuwa kara a ƙasarmu zai gane hoton nan ba sai an fassara masa ba. Ko dutsen da ke tsaye a ƙarshen dausayin, mai siffar dala, sunansa Buachaille Etive Mòr, wato babban makiyayin Etive da harshen Gelik.

A bayan wannan dutse kwarin Glencoe yake. A can ne, cikin Fabrairun 1692, sojojin gwamnati suka sauka a gidajen zuriyar MacDonald, aka ba su masauki da abinci kusan mako biyu, sannan suka tashi da asuba suka kashe masu masaukinsu, kimanin mutum 30 ko fiye. Fiye da shekara 300 ke nan, amma har yau abin da mutanen ƙasar suka fi riƙewa shi ne cin amanar mai masauki. Bahaushe ba ya buƙatar a yi masa bayanin nauyin wannan.

Zango na shida gajere ne, kimanin kilomita 14, amma a cikinsa ake hawa wuri mafi tsayi a duk hanyar, kimanin mita 550, ta wani lanƙwasasshen hawa da ake kira Devil's Staircase, wato matakalar shaiɗan. Sojoji ne suka sassaƙa shi a tsakiyar ƙarni na 18, lokacin da gwamnati ke shimfiɗa hanyoyi don murƙushe tsaunukan bayan tawayen 1745. Sunan ya fi hawan ban tsoro. Gangarar da ke bayansa ce mai karya gwiwa, doguwa har Kinlochleven, garin da aka gina saboda masana'antar alminiyam. Manyan bututun da ke saukowa daga dutse suna kawo ruwa ne daga madatsar Blackwater, wadda leburori suka gama ginawa a 1909, da yawansu 'yan ci-rani, wasu kuma a can gefen madatsar aka binne su. Masana'antar ta rufe a 2000, yanzu garin ya dogara sosai da masu tafiya irinmu.

Gaban goshi

Zangon ƙarshe kimanin kilomita 24 ne. Yana farawa da hawa mai tsini cikin kurmi, tun ƙafa ba ta warware ba, sannan ya shiga wani dogon kwari mai suna Lairigmor. A nan muka wuce kangayen gidajen dutse, babu rufi, tumaki na kiwo a inda dā ɗaki ne. Tsaunukan Sikotilan ba haka suke fayau tun asali ba. Daga ƙarshen ƙarni na 18 zuwa tsakiyar na 19, masu ƙasa sun tashi dubban talakawa daga kwaruruka don a saki tumaki, wasu kuma talauci da yunwa suka kora. Suka watsu Kanada da Amurka da Ostireliya, da harshensu da waƙoƙinsu da kewar gida. Ashe ƙasar da nake ɗauka ta masu gida ce zalla, ita ma ta san zafin ƙaura. Abokina ya tsaya ya daɗe yana kallon kangon, ya ce: "Mutumina, ko'ina akwai kufai."

Bayan azahar Ben Nevis ya bayyana a gabanmu, kansa cikin gajimare. Zuciya ta ce an iso. To amma hangen Dala ba shiga birni ba. Sai da muka ƙara sa'o'i muna gangara ta titin masu yankan katako zuwa kwarin Nevis, daga nan muka hau kwalta. Bayan kwana bakwai a kan ƙasa da ciyawa, kwalta wuta ce a tafin ƙafa. Motoci na wucewa, ba wanda ya damu da kai. Ka iso bakin gari, inda dā hanyar ke ƙarewa, sai a ce da saura, don tun 2010 an mayar da ƙarshen zuwa can ƙarshen babban titin kasuwar garin. Aski ya zo gaban goshi ke nan. Muka ratsa tsakanin masu sayayya da masu shan askirim, muna ɗingishi, muna warin kwana bakwai.

Ƙarshen kansa ba wani abin kallo ba ne. Layi ne a ƙasa a dandalin Gordon, da benci, da mutum-mutumin wani matafiyi a zaune ya cire takalmi yana murza ƙafa. Babu kalangu, babu mai ba da lambar yabo. Na ga wata mata ta iso ita kaɗai, ta taɓa mutum-mutumin, ta ɗauki hoto, ta tsaya tana waige-waige kamar mai neman wanda za ta gaya wa. Irin tsayuwar nan na san ta. Na gan ta a ranar bikin yaye ɗalibai, inda ɗanmu zai karɓi digirin da ya sha wuya a kansa, ya fito harabar makaranta, iyayensa suna can nesa an hana su biza.

Mu dai Allah ya rufa mana asiri. Alhaji yana zaune a gefen mutum-mutumin da filas ɗin shayi da ledar burodi. Kwana uku ya yi a garin yana jinyar gwiwa yana jiranmu. Ya miƙe da ƙyar ya ce: "Sannunku da zuwa. Ya hanya? Ya gajiya?" Muka ce gajiya ta bi lafiya. Matar nan ma ya zuba mata shayi, ya yi mata sannu da harshenta. A cikin duk abin da al'adarmu ta ba mu, ban san akwai wanda ya kai tarbar matafiyi daraja ba, kuma ba ya cin kuɗi.

Abin da ya rage bayan an sauke jaka

Washegari muka shiga jirgin ƙasa zuwa Gilasgo, tafiyar kusan sa'a huɗu. Jirgin ya ratsa Rannoch Moor, ya tsaya a Bridge of Orchy da Tyndrum da Crianlarich, ya bi gefen tafkin Lomond. Abin da muka yi mako muna ci da ƙafa, ya naɗe shi kafin la'asar. Amma ta taga ina nuna wurare: ga inda muka yi sallar azahar, ga gadar da muka fake wa ruwa, ga hawan da ya kusa sa mu kuka. Dā waɗannan sunaye ne a allon tasha. Yanzu ina da labari a kowane ɗaya.

Wannan shi ne ribar. Takarduna ba su canza ba, kuɗin haya bai ragu ba, kundin binciken da ke jirana bai rubuta kansa ba. Sai dai na dawo da abu biyu. Na farko, baƙuntata ta ragu. A kan hanya baƙar fata kaɗan muka gani, kuma na tafi da fargabar irin kallon da za a yi mana. Abin da muka tarar shi ne kowa yana gaida kowa, mutumin da a cikin gari ba zai ɗaga ido ya dube ka ba, a dutse zai tsaya ya tambaye ka lafiyar ƙafarka, ya ba ka filasta. Na biyu, lissafin Alhaji ya zauna mini. Wanda ya zo digiri na shekara huɗu, ko yake jiran takardun zama, ko yake tara kuɗin gina gida, idan ya tsaya kallon duk abin da ya rage sai gwiwarsa ta yi sanyi. Zangon yau kaɗai ne a hannunsa. Ya rage kaya, ya ci na yau, ya kwana.

Ga mai sha'awa

Kada a fara da kwana bakwai. Mazauna Gilasgo su shiga jirgi zuwa Balloch, su hau bas zuwa Balmaha, su hau tudun Conic su dawo a wuni ɗaya. 'Yan'uwa mata su haɗa kansu su je, akwai masaukan matafiya masu ɗakunan mata zalla ga wadda ba ta son tanti, akwai kuma masu ɗaukar jaka a mota daga zango zuwa zango idan an biya su. Watan Mayu ya fi sauƙin ƙwari, amma masauki yana cika da wuri, sai a kama tun da sauran lokaci. A duba hasashen yanayi kowace safiya, a gaya wa wani inda za a kwana, a riƙe taswirar takarda. Kowane dare a duba jiki saboda kaska, don tana ɗauke da cutar Lyme. Idan wani abu ya faru a Birtaniya a kira 999, a nemi 'yan sanda, a ce masu ceto na dutse ake so.

Waɗanda ba sa Birtaniya ma ba su rasa nasu ba. Mutanen Kamaru ga dutsen Buea, fiye da mita 4,000. Na Saudiyya ga tsaunukan Asir kusa da Abha. Na gabashin Amurka ga hanyar Appalachian, wadda ba sai an bi ta duka ba, ana iya yankar zango ɗaya a ƙarshen mako. Jikokin waɗanda suka taka daga Kano zuwa Gwanja, da waɗanda suka yi shekaru a ƙasa kan hanyar Makka ta Chadi da Sudan, bai kamata hawan bene biyu ya riƙa sa mu haki ba.

Wanda kuma ba zai iya tafiyar ba, akwai aikin da ya rage masa. A garin da kake akwai ɗanmu da ke gab da gama wani abu mai wuya shi kaɗai, ko jarrabawa, ko jinya, ko shari'ar takardu. Ka nemi ranar, ka je ka tsaya a bakin ƙofa da filas ɗin shayi.

Alhaji ya ce baɗi zai koma Tyndrum ya ɗora daga inda ya tsaya, zango uku suka rage masa. Mun yi alkawarin raka shi. Mai son shiga ayarin ya fara taka ƙafa tun yanzu. Sai mun haɗu a mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.